Akuyar Iya da dokin Gernika

Wata tsohuwa ta zauna a layinmu a Hotoro kusan shekara shida. Mutuniyar Bama ce. Garinsu ya faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Satumba na 2014, ta bi ayarin masu gudu zuwa Maiduguri, ta yi watanni a wata makaranta da aka mayar sansani, sannan wani ɗan ƙanenta mai sayar da huluna ya ɗauko ta zuwa Kano da jikoki uku. Kowa a layin Iya yake ce mata. Da safe tana suyar ƙosai a bakin zaure, Hausarta da karin Barebari.

Duk zaman da muka yi ban taɓa jin ta ba da labarin ranar gudun daga farko zuwa ƙarshe ba. Ɗanta, uban yaran nan, a ranar ya rasu, wannan ma a bakin wasu na ji. In mata suka taɓo zancen sai ta ce Allah ya riga ya hukunta, ta gyara lulluɓi, ta ci gaba da juya ƙosai. Abu guda ne ba ta gajiya da maimaitawa. Ta baro akuyarta ɗaure a turke, da 'ya'ya biyu da ba su yi wata da haihuwa ba. "Malam, da na tuna na kwance mata igiyar nan," in ji ta, "ko ba ta tsira ba, ai da ta nemi ruwa da ƙafarta." Na ji wannan magana ta fi sau goma.

Da farko na ɗauka rikicin tsufa ne. Ina wadda ta rasa ɗa, ina jimamin akuya? Sai a hankali na fahimta. Mutuwar ɗan ta fi ƙarfin bakinta, ita kuwa akuyar tana faɗuwa. Kuma gidan gaba ɗaya yana cikin akuyar nan: turken, inuwar darbejiya, dusar da ake jiƙa mata, yaran da ke goyon 'ya'yanta a baya suna wasa. Ga kuma hakki, tunda ita ta ɗaura igiyar da hannunta. Abin da ya ƙara sa na gane Iya wani zane ne da wani mutumin Sifaniya ya yi shekara 77 kafin ta baro Bama.

Ranar Litinin 26 ga Afrilu, 1937, ranar cin kasuwa, jiragen yaƙin Jamus da na Italiya suka yi ruwan bama-bamai a kan Gernika, wani ƙaramin garin ƙabilar Bask a arewacin Sifaniya. Ƙasar tana cikin yaƙin basasa, jiragen kuma suna mara wa Janar Franco baya. Pablo Picasso yana Faris, gwamnatin jamhuriyar ƙasarsa ta riga ta ba shi aikin babban zane domin baje kolin duniya na shekarar. Da labarin ya iso sai ya kafa ƙyalle mai faɗin kusan mita takwas da tsayin mita uku da rabi, ya gama aikin cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki. Baƙi da fari da ruwan toka kawai ya sa. Babu jan jini ko ɗigo, babu jirgi, babu bam, babu fuskar Franco.

Doki ne a tsakiyar zanen. An soke shi, ƙafar gaba ta durƙushe, ya ɗaga kai baki a wangale, harshe kamar tsinin wuƙa. Daga hagu mace ce rungume da jaririnta da ya mutu, ta ɗaga fuska sama tana kururuwa, bijimi tsaye a kanta. A ƙasa ga mayaƙi a yashe, hannunsa damƙe da karyayyen takobi, ɗan fure ya tsiro kusa da ƙotar. Daga dama wata ta miƙa hannu biyu sama cikin gidan da ke cin wuta. Tsakanin bijimin da dokin akwai tsuntsu, sai ka ƙura ido za ka gan shi. In ka daɗe kana kallo za ka lura cewa yadda bakin dokin ya buɗe haka na uwar ya buɗe. Ban fahimci cewa mai zanen ya daidaita ran doki da ran jariri ba. Abin da na fahimta shi ne, abin da ya faɗo daga sama ran nan bai tsaya tambayar wane ne mutum wane ne dabba ba, don haka wanda zai ba da shaida da gaskiya dole ya kawo su duka.

In an kai hari, tambayar farko ita ce mutum nawa. Haka ya kamata, ran ɗan Adam ne a gaba. Mu a Kano mun san waɗannan lambobi. Rikicin Maitatsine na Disamba 1980, wanda ya tashi daga 'Yan Awaki, hukuma ta ce mutum 4,177. Juma'ar 20 ga Janairu, 2012, da bama-bamai suka tashi a Bompai da titin BUK da sauran wurare kusan lokaci guda, 'yan sanda suka ce 185. Juma'ar 28 ga Nuwamba, 2014, a babban masallacin gidan Sarki, sama da ɗari. A Arewa maso Gabas kuma fiye da mutum miliyan biyu suka bar gidajensu. Lambar tana da amfani ga mai raba shinkafa da mai rubuta rahoto, amma tana daidaita kowa da kowa, ta mai da liman da mai shayi da yaron da ya zo masallaci a kafaɗar ubansa su zama ɗaya, ɗaya, ɗaya. Abin da bai shiga makara ba kuwa ba ta san da shi ba sam. Akuyar Iya ba ta cikin kowane rahoto. Rumbun da aka cinna wa wuta, da kukar da ta yi shekara ɗari ana hira a gindinta, da rijiyar da aka jefa gawa ciki ta daina shayuwa, duk haka.

Wani zai ce ai yanzu muna da hoto, kowa da waya a aljihu. Gaskiya ne, kuma a nan nake da babban ƙorafi a kanmu. Da an yi hari ko haɗarin mota, kafin a sanar da iyalai hotunan gawarwaki sun zagaye WhatsApp da Facebook, tsiraici a waje, fuska a buɗe. Na san matar da ta fara sanin rasuwar ƙaninta ta wannan hanya. Mu ne mutanen da aka koya wa sutura, muke cewa Allah ya rufa asiri duniya da lahira, muke runtse ido wajen wankan gawa, amma yatsa ba ya shawara da zuciya kafin ya tura. Irin wannan hoto yana girgiza mutum sau ɗaya, sau biyu, daga nan ido ya saba, zuciya ta yi kanta. Zane mai kyau yana iya abin da hoton waya ya kasa. Yana nuna zafin ba tare da ya tona asirin mamaci ba, domin uwar da ke cikin zanen Gernika ba 'yar gidan wane ba ce, babu ɗanta da zai buɗe waya wata rana ya ci karo da ita. Kuma aiki ne mai cin lokaci. Wanda ya yi wata yana gyara lanƙwasar wuyan doki ya zauna da abin a ransa, mai kallo ma sai ya ɗan tsaya.

Ba Picasso ne ya fara sa dabba a tsakiyar bala'i ba. A 1913, shekara guda kafin yaƙin duniya na farko, wani Bajamushe mai suna Franz Marc, wanda kusan duk aikinsa dawakai ne da barewa da shanu, ya zana daji yana tsagewa, itatuwa na faɗuwa, wata shuɗiyar barewa ta maida kai baya ta miƙa wuya kamar mai jiran yanka. Ya kira shi makomar dabbobi. Da aka aika masa da hoton zanen yana fagen fama, ya rubuta wa matarsa cewa kamar hasashen yaƙin nan ne. A 1916 aka kashe shi kusa da Verdun yana da shekara 36. Ana ƙiyasta cewa dawakai da jakuna da alfadarai wajen miliyan takwas ne suka mutu a wannan yaƙi, suna jan igwa da kaya cikin taɓo a kan rigimar da ba su san mafarinta ba.

Wanda ya fi kusa da labarin Iya shi ne Isma'il Shammut, Bafalasɗine. Yana saurayi aka kore su daga garinsu Lidda a watan Yuli na 1948, suka yi tafiyar ƙafa cikin zafi da ƙishirwa, a ƙarshe suka sauka a sansanin Khan Yunus a Gaza. A 1953 ya yi zanen da ya sa wa suna da tambaya, "Zuwa ina?" Wani magidanci ne da sanda, yaro na barci a kafaɗarsa, wani ya riƙe masa hannu yana kallon fuskarsa, na uku na biye a baya kai a sunkuye. Can nesa ana hango gari da hasumiyarsa, kusa da su kuma busasshiyar bishiya. Babu soja a zanen, babu gawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Unguwa Uku ko ta Mariri ya ga motar Maiduguri ta sauke tsoho da jikoki da ƙullin kaya guda, ya ga yadda yake waige-waige bai san wa zai tambaya ba, ya san wannan fuska. Yanzu kuma irinta ce ke sauka daga ƙauyukan Zamfara da Katsina.

Akwai kuma zanen gudun hijira da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba mu cika son zancensa ba. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane da ta sauya fasalin wannan fanni a Najeriya: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Okeke a Kafanchan ya tashi. Bayan juyin mulkin Janairun 1966 da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da abin da ya biyo baya, an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a watan Mayu da kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, har da nan Kano, a Sabon Gari da tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama. 'Yan Arewa mazauna Gabas su ma an taɓa su, waɗanda suka tsira suka dawo gida hannu rabbana. A shekarar Okeke ya zana iyalin 'yan gudun hijira. Obiora Udechukwu, wanda ya fara karatun zane a Zariya, ya bar makarantar ya koma Nsukka, ya yi shekaru yana zana masu gudu da yara masu yunwa na yaƙin 1967 zuwa 1970.

Ranar da na fara ganin irin waɗannan zane-zane na daɗe ban ce komai ba. Ƙullin kayan da ke kan matan irin na Iya ne. Bambancin shi ne daga wajenmu suke gudu. Wannan shi ne abin da ke sa nake girmama zanen gudun hijira fiye da waƙar yaƙi da kirari. Kirari na ɓangare ɗaya ne, dole ya wasa wani ya zagi wani. Mace mai goyo da tabarma a ka kuwa ba ta da ɓangare. Ka sauya mata zani kawai, ta zama ta Bama, ta zama ta Owerri, ta zama ta Tsafe.

To me masu zanenmu na Kano suke zanawa? Ka shiga ofis ko otal ko falon mai hali, in ka ga zane a bango, galibi hawan sallah ne: doki cikin ado, mahayi da rawani da alkyabba, 'yan lifidi, 'yan bindiga, ƙurar Hawan Daushe. Sai 'yar Fulani da ƙwarya, sai marinar Ƙofar Mata, sai ganuwa. Ina son su, kuma ban ga laifin mai zanen da ke yin abin da za a saya ba, fenti da ƙyalle kuɗi ne. Amma a lura, kayan da muke yi wa ado da su a hawan nan, sulke da lifidi da kwalkwali da mashi, kayan yaƙi ne. Mun ajiye kwalliyar yaƙi mun yar da kukansa. Garin nan ya ga basasar Tukur da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, ya ga shigowar Turawa a Fabrairun 1903, ya ga jama'a sun bar gona da gida sun bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas har Burmi. A Gidan Makama za ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da makamai da hotunan sarakuna. Talakan da ya ɗora tukunya a kan jaki ya fita ta Ƙofar Nasarawa bai san inda zai kwana ba, babu inda za ka je ka gan shi. Na 1980 da na 2012 da na 2014 ma suna cikin zukatan iyalansu ne kawai, kuma masu riƙe da su suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Kasuwa dalili ce, amma babban dalilin addini ne, kuma ba abin da za a tsallake ba ne. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan suranta abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim. Malamai sun yi bayani sun kuma saɓa. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, wadda muka tashi a kai, shi ne haramcin yana kan mutum-mutumi cikakke mai inuwa, shi kuwa zane a kan takarda ko ƙyalle ko bango bai kai haramun ba, ana sa shi a karhanci ko barin abin da ya fi. Wasu malaman sun tsananta fiye da haka, kuma da yawa daga samarinmu fahimtarsu suke bi. Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Abin da nake so a duba shi ne, ko a kan magana mafi tsanani ƙofa ba ta rufe ba. Wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce da wannan sana'a yake ci, Ibn Abbas ya gaya masa gargaɗin, da ya ga hankalinsa ya tashi sai ya ce masa in dole ne sai ya yi, to ga itatuwa da duk abin da ba shi da rai.

Wannan fili ne mai faɗi ƙwarai ga mai son ba da shaidar yaƙi. Turke da igiya da kwanon ruwa a bushe. Takalman da suka rage a ƙofar masallaci bayan kowa ya watse, waɗanda masu su ba za su dawo ɗauka ba. Duk wanda ya je gidan Sarki da yammacin Juma'ar nan ta 2014 ya san abin da nake faɗa. Rumbu da rufinsa ya ƙone. Allo da aka wanke rabi. Gonar gero da ta nuna ta zube babu mai girbi. Ba a zana rai ko ɗaya ba, amma duk mai hankali ya san rai ake nufi. Hannun da zai yi wannan aiki kuwa muna da shi. Garin da alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da ka su ƙawata shi da zayyana, garin da magina ke fitar da dagi a fuskar soro, da masu ɗinkin aska takwas, da masu fentin bayan manyan motoci, ba za a ce bai san layi da launi ba. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Afirka, ɗan malamin allo ne a Omdurman, daga harafin Larabci ya gina salonsa. Da aka tsare shi a kurkukun Kobar a 1975 ba tare da shari'a ba, a kan guntayen takardar buhun siminti ya riƙa zane yana binnewa a cikin yashi don kada masu gadi su gani.

Batun girmama mai rai kuwa, ba sai mun je Turai aro ba. Lokacin da Sayyidina Abubakar ya raka rundunar da za ta tafi Sham, wasiyyar da ya yi wa kwamandanta Yazidu ɗan Abu Sufyan tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada a sare bishiya mai 'ya'ya, kada a rushe wurin da ake zaune, kada a soke tunkiya ko raƙumi sai don ci, kada a ƙone ƙudan zuma. Mace da yaro da bishiya da tunkiya da zuma a jeri guda, a bakin shugaban da ke tura mayaƙa. A Suratun Namli, Allah ya ba mu labarin rundunar Annabi Sulaimanu daga ƙasa, ta bakin tururuwar da ke gargaɗin 'yan uwanta su shige gidajensu kada a tattake su ba a sani ba. Kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, ta zo tana shimfiɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wa ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata. Iya ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma damuwarta da igiyar nan daga wannan tarbiyya ta fito.

Sai a gwada wasiyyar nan da abin da muke gani. Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin tsoro, har giwaye suna ratsa shi. Dajin Falgore na jiharmu shi ma gandu ne, ya zama maɓoyar ɓarayin shanu har aka kai sojoji. A 2015 sojoji suka hana hawan doki a Borno saboda maharan sun koma amfani da shi, dabbar da Barebari ke alfahari da ita ta zama abin zargi. A Zamfara da Katsina ana kore garke, a bar makiyayi da sanda, a ƙone amfanin gona, a sa wa manomi haraji kafin ya girbe abin da ya shuka. Inda masu gudu suka taru kuma itatuwan kewaye ne ke fara tafiya, don dole a dafa abinci. Ko a cikin gari da babu harbi, wanda ya girma a Kano ya tuna yadda ungulaye ke cika mayanka da kan rimaye. Yau yaro zai gama firamare bai ga ko ɗaya ba, kuma tun 2015 aka saka irin tamu a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Ba yaƙi ne ya cinye su ba, guba ce da farauta don magani da sare manyan itatuwa. Muna nan muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, alhali ungulun da tsamiyar duk suna ɓacewa a gabanmu. A ganina zuciyar da ta daina lura da wannan ita ce ke saurin sabawa da lambar gawa.

Na san abin da za a ce: zane ba ya cika ciki. Haka ne, ranar da Iya ta iso Kano bargo da masara take buƙata, kuma wanda ya kai mata su ya fi mai burushi lada a ranar. Zanen Gernika ma bai hana komai ba, shekara biyu bayansa aka shiga yaƙin duniya na biyu, aka yi wa manyan birane abin da ya ninka na ƙaramin garin nan. Amma masu iko ba su ɗauke shi abin banza ba. Akwai kwafinsa da aka saƙa, rataye a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Fabrairun 2003, lokacin da Colin Powell ya je kare shirin Amurka na yaƙar Iraƙi, an rufe shi da shuɗin labule. Jami'ai sun ce don hoton talabijin ya fita da kyau ne, mutane da yawa kuwa suka ce ba a son dokin nan da uwar nan su bayyana a bayan mai shelar yaƙi. A 2007 kuma wata ƙungiya ta Ingila ta tattara zane kusan 500 da yaran Darfur suka yi a sansanonin gabashin Chadi, mahaya dawaki da raƙuma, jirage masu saukar ungulu, bukkoki na ci da wuta, kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta karɓe su a matsayin shaidar da ke bayyana yanayin da abin ya faru.

Haɗarin da na fi jin tsoro wani ne daban, wato a mai da wahalar mutane haja. Mai zane ya shiga sansani da kyamara, ya ɗauki fuskar yarinya bai nemi izinin kowa ba, ya zana ta da hawaye manya-manya saboda ya san abin da baƙi masu dala ke so ke nan, a rataye a wani ɗakin baje koli a Legas ko Landan, ita kuwa ko labari ba ta ji ba. Wannan da tura hoton gawa a waya ɗanjuma ne da ɗanjummai. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: in wanda abin ya shafa ya tsaya gaban zanen, zai ji an mutunta shi ko zai ji an tsiraita shi? Shammut da Udechukwu sun tsallake wannan ma'auni domin su ma sun yi tafiyar da ƙafarsu. Wanda bai yi ba, sai ya zauna ya saurara tukuna, ya daɗe yana saurare. Abin da za a gaya masa sau da yawa ba shi ne abin da ya zo nema ba. Ya zo neman labarin harbi, a ba shi labarin akuya.

Babban jikan Iya yana aji biyar lokacin da na lura yana zane da gawayi a bangon lungu, motoci da a-daidaita-sahu, har mai gidan ya yi masa faɗa. Na saya masa littafin zane da fensir mai launi a kasuwar Sabon Gari. Bayan kwana biyu da la'asar ya kawo mini, ya buɗe shafi na uku. Gida ne na ƙasa, da bishiya, da turke, da jar akuya mai farin goshi da 'ya'ya biyu a ƙarƙashinta. Bai zana mutum ko ɗaya ba. Igiyar tana ƙasa a kwance, bai haɗa ta da wuyan akuyar ba.

Na ce ya kai wa kakarsa. Tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta nisanta shi da ido saboda ganinta ya yi rauni, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sa yatsa a kan kunnen akuyar.

"Na hagu ne a tsage," ta ce masa, "ba na dama ba. Je ka gyara, ka dawo mini da shi."